Jangawo: yadda aka sassabe wata halittar tatsuniya har ta zauna cikin ɗigo 32

Ranar da ɗan ƙanwata ya kawo mini aikin, an kwana ana ruwa, hanyoyin unguwar Zariya ta nan Maradi sun zama taɓo, shagona shiru ba mai leƙowa. Sana'ata buga katin biki ce da allon talla, amma na yi shekaru ina taɓa zanen ɗigo-ɗigo a gefe, wato irin zanen wasannin kwamfuta da mai shi ke ajiye kowane fiksel da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗinkin hula yana ƙirga zare. Yaron ɗan lise ne, wato babbar sakandare. Shi da abokansa biyu sun ɗauki hutun damina suna haɗa wani ɗan wasa na waya: ɗaya ke rubuta umarnin wasan, ɗaya na kula da sauti, zane kuma ya faɗo a kansa.

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, duba mani wanga. Kwana tara ina kanshi, amma da na saka shi cikin wasan sai ya koma kamar an ɓarar da miya bisa tabarma."

Na zauna na rubuta abin da ya biyo baya ne don ramin da ya faɗa shi ne wanda kusan duk sabon hannu ke faɗawa, ni ma ta nan na bi. Kuma fita daga cikinsa bai ci ko dala ba.

Abin da ya kawo

Sunan halittar Jangawo, shi ya ƙirƙiro ta tun daga suna har labari. Tun farko mahaifiyarsa ta gindaya masa sharaɗi cewa ban da maganar aljanu a wasan, don haka ya tsaya a fagen tatsuniya. Jangawo tana zaune ne a kwarin Gulbin Maradi. Da rani, sa'ad da gulbin ya koma yashi zalla, tana da sauƙin kai, ita ke nuna wa matafiyi inda zai tona ya sami ruwa. Da damina kuwa, in ruwa ya gangaro daga wajen Katsina ya cika kwarin, sai ta rikiɗe ta zama mai tare mashigi, sai ɗan wasa ya yi dabara kafin ya ƙetare. Labarin ya burge ni ƙwarai, don ya fito ne daga ƙasar da yaron ya taka da ƙafarsa, bai je ya aro dodon wata ƙasa mai aman wuta a kan ƙanƙara ba.

A cikin littafinsa ya fara zana ta da biro, kuma can ta yi kyau. Jikin jar akuya, bishiyar gawo ta tsiro a gadon bayanta, wutsiyar damo, fikafikan zalɓe, idanu huɗu, ƙaho biyu, ƙararrawa a wuya, ga tururi yana fita ta hanci. A shafi guda cur, kowane abu ya sami wurin zama. Da ya koma kan waya sai ya buɗe fili mai ɗigo 64 a tsaye 64 a kwance, ya yi ta cusa duk waɗannan abubuwa ciki, da launi 47.

Ga inda gizo ke saƙar. Filin wasan nasu ɗigo 320 ne a kwance, 180 a tsaye, kuma gurbin da suka bar wa Jangawo 32 ne kawai. Saboda haka manhajar wasan ce ke matse zanen daga 64 zuwa 32 da kanta. Fili mai 64 sau 64 yana da ɗigo 4096, mai 32 sau 32 kuwa 1024. Ke nan cikin kowane ɗigo huɗu da ya ɓata dare yana jerawa, ɗaya ne ke tsira, kuma ba shi ke zaɓar mai tsirar ba. Miyar da ya gani ke nan. Na ce masa abu na farko, a daina barin na'ura tana yanke shawara: in 32 ne gurbin, a 32 za a zana.

Gwajin baƙi

Na kwashe zanen zuwa kwamfutata na buɗe shi a LibreSprite. Ga mai tambaya, wannan manhaja kyauta ce, reshe ce da ta ɓalle daga Aseprite a 2016 lokacin da aka sauya wa waccan lasisi. Aseprite ɗin ita ƙwararru suka fi riƙewa, kuɗinta wajen dalar Amurka 20. Akwai Piskel da ke aiki ta intanet ba sai an sauke ta ba, masu waya kuma da yawa suna amfani da Pixel Studio, wadda da ita yaron ya fara. Duk ɗaya ne, ba manhaja ke zanen ba.

Na shafe dukan jikin Jangawo da baƙi ƙirin, ban bar ido ko ganye ba, sai siffar waje kaɗai a kan fari. Na mayar da ita girmanta na gaskiya, wanda bai wuce farcen babban yatsa ba a fuskar waya. A bakin shagon akwai wata yarinya mai tallar dafaffiyar gyaɗa da ta fake wa ruwa, da kuma yaron telan da ke maƙwabtaka da ni. Na nuna musu na ce su faɗi abin da suka gani. Yarinyar ta ce kaza ce kwance kan ƙwai. Yaron tela ya ce kaya ne aka lafta wa amalanke.

Ɗan ƙanwata bai ce uffan ba, amma na ga ransa ya sosu. Na ji masa, don kwana tara ba wasa ba ne. Sai dai gwajin ba shi da son kai. Ɗan wasa ba ya tsayawa ƙirga idanun abin da ya taso masa, siffar waje yake fara gani kafin launi, kafin komai. In baƙar siffar ba ta faɗi sunan abin ba, ba adon da za a zuba a ciki ya cece ta. A nasa zanen fikafikai sun rufe wutsiya, bishiya ta haɗe da ƙaho, ƙafafu huɗu sun manne sun zama turmi guda.

Na ba shi labarin da duk mai wannan sana'a ya sani. Lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo a Japan ya zana mutumin da daga baya aka sa wa suna Mario, a wasan Donkey Kong na 1981, filin ya yi masa kaɗan. Sai ya ɗora masa hula don ya huta da zanen gashi, ya sa masa gashin baki don hanci ya fito fili ba tare da an zana baki ba. Abin da duniya ke gane shi da shi yau, ƙarancin ɗigo ne ya haife shi. Na'urarsu ta Famicom da ta fito a 1983 launi uku kacal take ba kowace ƴar sura, sai gurbi na huɗu da ake bari fanko. Game Boy ta 1989 kuwa fuskarta duka 160 sau 144 ce, da mataki huɗu daga haske zuwa duhu. Mutanen nan ba su fi mu ido ba, matsi ne ya tilasta musu zaɓe.

Sassabe

Kalmar da ta buɗe masa kai ba daga Japan ta zo ba. Kakansa yana da gona a hanyar Tibiri, kuma yana cikin masu yin abin nan da manoman yankinmu ke kira sassaben zamani, wanda ya bazu daga nan jihar Maradi tun shekarun 1980. In kututture ya tofo rassa goma sha, manomi ba ya tumɓuke shi, ba ya kuma barin su duka. Yakan zaɓi ƴan ƙalilan masu ƙarfi ya sare sauran, don waɗanda aka bari su miƙe su zama bishiya. Yaron ya sha riƙe wa kakan nasa adda a wannan aiki. Na ce masa Jangawo kututture ce da ta tofo rassa takwas, wanne za a bari?

Na sake masa tambayar ta wata fuska: in yaro ya buga wasan ya je yana ba abokinsa labari da numfashi guda, me zai ce ya gani? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Akuya mai itace." To, shi ke nan. Duk abin da ba akuya ba ne, ba itace ba ne, sai ya kawo hujjar zamansa.

Ƙararrawa da tururi suka tafi ba gardama. Idanu huɗu suka koma ɗaya, tunda daga gefe ake ganin ta. A kan fikafikai ne muka daɗe, don su ya fi so, ya ce su ke nuna ita ta ruwa ce. Na tambaye shi ko tana tashi sama a wasan, ya ce a'a. Na ce to fikafikan ƙarya suke yi wa ɗan wasa, zai yi ta jiran ta tashi. Wutsiyar damo ya kafe a kai, ni ma na goyi bayansa, domin ita ce ke hana a ce akuyar gidan wani ce ta ɓace, kuma tana ba siffar nauyi a baya.

Saura bishiya da ƙaho, kowanne na neman sararin sama. Nan na ce mu rufe kwamfuta. Washegari da la'asar muka hau babur muka fita bayan gari inda yara ke kiwo, da littafi da fensir. Jar akuyar Maradi ba baƙuwar kowa ba ce a nan, fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, amma ganin yau da kullum daban, kallon mai zane daban. Ya zana ƙafafun Jangawo a miƙe kamar na tebur. Da ya tsuguna ya dubi akuya ta gaske, sai ya ga ƙafar baya tana da gwiwa da ke karyewa ta baya, ta gaba ce miƙaƙƙiya. Ya ga gadon baya yana ɗan lotsawa sannan ya tashi a ƙugu, kunne yana fita gefe, ƙwayar ido kuma a kwance take kamar tsagar asusu, ba zagayayya ba.

Muna nan wata akuya ta tsaya a gindin gawo. Kowa ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi yake kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi ya tofo. Rassan nan masu fari-fari suka fito ta bayan kan akuyar daidai saitin ƙahonta. Yaron ya dafa hannuna ya ce, "Kawu, mi zai hana ƙahon ya zama shi ne gawon?"

Wannan ita ce shawara mafi girma a duk aikin, kuma ba ni na kawo ta ba. Abu biyu masu rigima sun zama ɗaya. Gadon baya ya sami sarari, siffar ta sami abin da ba wata dabba ke da shi ba, labarin ma ya shige cikin jikin: da rani ƙahon na da ganye, alamar tana cikin sauƙin kanta, da damina ya zama busassun rassa masu tsini.

Muka koma muka raba tsayin 32 ɗin: 11 na ƙaho, 12 na kai da gangar jiki, 9 na ƙafafu. Kan ya fi na akuyar gaske girma nesa, da gangan, don a ƙaramin fili abin da ake so a gani dole a kumbura shi. Kowace ƙafa kaurin ɗigo biyu, gwiwar baya kuma ɗigo ɗaya ne kawai aka tura baya, amma shi ya mayar da tebur dabba. Tsakanin ƙafafun muka bar fili na aƙalla ɗigo biyu don haske ya ratsa. Duk wannan da baƙi zalla aka yi shi, kwana biyu ba a taɓa launi ba.

Gargada

Batun layi ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai haƙuri. A zanen ɗigo babu lanƙwasa ta gaskiya, matakala ce ake jerawa. In tsayin matakan ya tafi a tsare, misali 5, 3, 2, 1, 1, ido zai ga baka mai santsi. In ya tafi 3, 1, 4, 1, 2, sai layin ya yi gargada kamar hanyar da ruwa ya ci. Gadon bayan Jangawo da wutsiyarta duk gargada ne, saboda da yatsa ya ja su a kan gilashin waya. Muka bi su ɗigo-ɗigo muna ƙirgawa da baki. Muka kuma cire ɗigon da ke maƙalewa a kusurwa ya sa layi ya yi kauri a wuri guda. A ƙahon ne kaɗai muka bar karyewa mai kaifi, don reshen gawo ba ya lanƙwasa da ladabi.

Launi

A nan muka fi daɗewa, kuma a nan na fi jin daɗin aikin.

Launukansa 47 yawancinsu ja ne da ya yi ta ƙara wa baƙi ko fari kaɗan-kaɗan, har wasu ido ba ya raba su. Ya kuma yi abin da masu sana'ar ke kira inuwar matashin kai: duhu a duk gefuna, haske a tsakiya, kamar an kunna fitila a cikin cikin dabbar. Hakan na sa komai ya kumbura ya rasa ƙashi. Maganinsa tambaya ɗaya ce: ina rana take? Muka ajiye ta sama ta hagu. Daga nan duk abin da ke fuskantar can ya sami haske, wato goshi, gadon baya da saman wutsiya. Ƙasan ciki, ƙarƙashin haɓa da ƙafafun ɓangaren nesa suka shiga inuwa. Sanya ƙafafun nesa cikin launin inuwa gaba ɗaya ya raba su da na kusa ba tare da an ja ko layi ɗaya ba.

Sai maganar irin jan. Na tuna masa akuyar da muka gani da la'asar. Inda rana ta bugi bayanta ba fari-farin ja ba ne, ruwan goro ne mai sheƙi, kamar manja a cokali. Ƙasan cikinta kuma ba ja mai baƙi ba ne, makuba ne da ya karkata wajen shunayya. Haka haske yake aiki: wurin rana na jan launi zuwa ɗorawa, wurin inuwa na jan sa zuwa shuɗi. In ka ƙara baƙi kawai, jan zai mutu ya zama laka. In ka karkata shi, sai ya yi rai. Da ya gwada ya ga bambancin, ya yi ta sauya tsohon da sabon yana kallo, ya kasa dainawa.

A ƙarshe launi takwas suka rage. Uku na jiki: makuba, ja, ruwan goro. Ɗaya mai duhu sosai na layin gefe, wanda ba baƙi ba ne, makuba ce da ta kusa baƙi. Ruwan toka na ƙaho. Kore biyu na ganye. Sai ruwan ɗorawa na ido, wanda muka sake amfani da shi a ɗigo uku cikin ganyen, a matsayin ƴaƴan gawo da awaki ke rububi. Wutsiyar damo ba ta sami launin kanta ba, ta ari toka da kore mai duhu, kuma wannan aron ne ya sa ta zama kamar jikin Jangawo ne ba liƙi ba.

Akwai gwaji na biyu da na nace a yi. Muka cire launi duka, zanen ya koma fari da baƙi da toka. Nan take jan jiki da koren ganye suka zama toka iri ɗaya, kai ya narke cikin ganye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya raba ja da kore sosai, kuma ko mai lafiyayyen ido in yana wasa a waje cikin ranar Maradi, launi na dusashewa a fuskar waya, sai bambancin haske da duhu ke saura. Muka ɗaga koren ya yi haske, muka sauke jan kaɗan, kai ya fito.

Gashin jiki ya so ya nuna, sai ya yayyafa ɗigo ɗai-ɗai a ko'ina. Waɗannan su ake kira marayu, ɗigon da ba shi da ɗan'uwa a kusa, kuma a girman gaskiya ƙura suke zama. Muka share su, muka haɗa launuka gungu-gungu, muka bar tsinin gashi uku kacal a ƙirji da ɗan gemu. Ido na ganin ukun nan sai ya cike sauran da kansa.

Wurin da shawarata ta kauce

Akwai wata dabara da nake so, ta cire layin gefe mai duhu a ɓangaren da rana ke bugu, a bar launin jiki ya yi iyaka da kansa. Tana sa zane ya yi laushi. Na ba shi shawarar, ya bi, kuma a kan tokar da manhajar zane ke shimfiɗawa a baya abin ya yi kyau matuƙa. Kwana biyu bayan haka ya dawo da wayar. A cikin wasan, Jangawo a kan yashin gulbi take tsaye, yashin kuwa ruwan goro ne mai haske, kusan irin na gadon bayanta. Bayan ya ɓace ɗungum, sai ƙaho da ƙafafu ke yawo.

Ya ce, "Kawu, ba a bisa toka za ta zauna ba, a bisa rairai ne." Gaskiyarsa. Muka mayar da layin, amma a ɓangaren rana muka yi shi da makuba maimakon mai duhun sosai, ya zama tsaka-tsaki. Tun daga ranar, hoton filin wasan yake shimfiɗawa a ƙarƙashi kafin ya ɗiga komai, na rani da na damina duka, yana kunna ɗaya yana kashe ɗaya.

Ido da tuƙa

Idon ɗigo biyu ne a kwance, ruwan ɗorawa, saboda abin da ya gani a idon akuya. Na rani haka aka bar shi. Na damina kuwa ɗigo ɗaya mai duhu aka sauko da shi a kan rabin gaban idon, kamar gira ta faɗo. Ɗigo ɗaya cikin 1024. Na zuƙo zanen har kowane ɗigo ya kai girman akwatin ashana, na sa shi, na cire, na sa, na cire. Da shi dabbar na hararar ka, ba shi tana kallon ka kawai. Yaron ya ce ashe a nan fushin yake zaune.

Siffofin biyu ba sai an zana su daban ba. Ganyen yana kan shimfiɗarsa ta daban a saman ƙaho, a ɗora a cire. Tsohuwar dabara ce ta masu tattali: a wasan Super Mario Bros. na 1985, gajimare da ƙananan bishiyoyin ƙasa zane ɗaya ne aka sauya wa launi.

Wajen motsi ya so ya yi hoto goma sha biyu na tsayuwa kawai. Muka yi huɗu. Jiki na sauka ɗigo ɗaya ya dawo, kamar numfashi, ƙaho kuma na biyo baya da jinkirin hoto guda, abin da ke sa a ji yana da nauyi. Abin da ya fi komai shi ya ƙara da kansa: muƙamuƙin ƙasa na gocewa ɗigo ɗaya gaba, ya dawo. Tuƙa take yi. Duk wanda ya taso gidan da ake ɗaure akuya zai gane wannan motsi tun kafin ya san me ya gane.

Sai wasu ƙananan abubuwa biyu da suka so su ɓata aikin a ƙofar ƙarshe. Ya tura wa abokinsa zanen ta manhajar hira a matsayin hoto, aka matse shi ya koma JPEG, gefuna suka yi dishi-dishi, bayan da ya kamata ya zama fanko ya cike. Zanen ɗigo a tsarin hoto na PNG ake ajiye shi, kuma a matsayin fayil ake tura shi. Na biyu, a Godot, manhajar da suke haɗa wasan da ita, sai da aka sauya tacewar hoto daga mai gauraya ɗigo da maƙwabcinsa zuwa mai kwafar ɗigo yadda yake, aka kuma tabbatar ana faɗaɗa filin da cikakken lamba. Filin 320 sau 180 in aka ninka shi huɗu ya zama 1280 sau 720 daidai, in aka ninka shida ya zama 1920 sau 1080. In aka ninka da uku da rabi, wasu ɗigon za su fi wasu faɗi, duk ƙirgar matakalar nan ta tashi a banza.

Inda aka tsaya

Mako uku bayan ranar farko, yarinyar mai gyaɗa ta sake biyowa. Na nuna mata baƙar siffar sabuwar, a girman farce. Ba ta yi jinkiri ba ta ce, "Akuya ce, icce ya tsiro mata ga kai." Na nuna mata ta damina da launinta, ta ce, "Wagga ta yi hushi." Yaron tela ya gane akuyar, amma ya ce wutsiyar ta kada ce. Wannan bai warware ba har yanzu. A ɗigo bakwai ko takwas na tsayin wutsiya, damo da kada ƴan gida ɗaya ne, kuma ni ina ganin a bar shi haka tunda ba ya ɓata wasan, ɗan ƙanwata kuwa yana ganin in ya siranta ƙarshenta ya ƙara mata zobe-zobe za ta fito. Tafiyar Jangawo ma da saura: hoto shida ne, amma ƙafafun na zamewa a ƙasa saboda saurin da mai rubuta umarni ya ba ta ya fi faɗin takunta, sai sun zauna su biyu sun daidaita.

An koma makaranta yanzu, aikin ya koma na Asabar da Lahadi. Halitta ta biyu da ya fara ƙwarya ce mai ƙafafun zalɓe, wadda ke yawo a bakin tafkin Madarunfa tana satar igiyar masunta. Ranar Lahadin da ta wuce ba wuta a unguwarsu, wayarsa ta mutu, sai ya zo da ita a littafin lissafi mai gida-gida. Ya ƙirga gida 32 a tsaye da 32 a kwance ya kewaye da jan biro, ya cike siffar da baƙin fensir, ba ido ba ado. Kafin ya nuna mini, ya tsaya a bakin shagon tela ya ɗaga littafin daga nesa, yana tambayar yaron me ya gani.